Fili Mai Inuwa

Ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma, wata Lahadi cikin Disamba, na ɗaga hannu a taro. Na san lokacin daidai domin ni ce mai rubuta abin da ake faɗa, kuma ɗabi'ata ce in sa lokaci a gefen kowace magana. A shafin ranar, gaban wannan lokacin, babu komai sai ɗigon tawadar bik, alƙalamin da nake rubutu da shi. Ban iya rubuta maganata ina cikin yin ta ba.

Taron ƙungiyarmu ne, ta ɗaliban Nijar da ke karatu a Faransa, a wani ɗaki da muka ara a Saint-Denis, gefen Paris, hawa na biyu, mai warin kafe da jiƙaƙƙun rigunan sanyi. Kowace shekara ɗalibanmu na garuruwa dabam-dabam suna buga ƙwallo tsakaninsu, a wannan shekarar kuma ƴan Paris da mu ƴan Lyon muka kai wasan ƙarshe, wanda kowa ke ce wa final. Kofin na gwangwani ne, kunnensa ɗaya a lanƙwashe. Duk da haka an yi awa biyu ana jayayya a kan inda za a buga.

Kapiten ɗin Paris ɗan Maraɗi ne, mai karatun shari'a, muryarsa ta fi ɗakin girma. Namu kapiten ɗin Yayana ne, ɗan wan babana, wanda ya tarbe ni a tashar jirgi ranar da na sauka ƙasar. Shi ne mai tsaron raga. Shekara biyar yana buga wannan gasa bai taɓa kai wa ƙarshe ba sai yanzu, ga shi ya gama karatu, farkon Fabrairu zai koma Damagaram. Saboda shi aka sa wasan cikin Janairu, tsakiyar sanyi.

"Ku zo Paris mana," in ji ɗan Maraɗi. "Ko a gida ai Yamai ake zuwa."

"Mu zo mu yi iyo?" in ji Yaya. "Garinku wata uku ba a ga rana ba. Kun ma tuna kalarta?"

"Ku da kuke gindin duwatsu? Ƙanƙara za ta binne mu."

"Ka taɓa zuwa Lyon?"

"Me zan je yi ƙauye?"

Ana cikin wannan dariya hannuna ya tashi. Shekara biyu ina zama a kujerar kusa da ƙofa ban taɓa cewa uffan ba, har wasu suna tsammanin ba na jin Hausa sosai. Amma na yi mako uku a ɗakin karatu na jami'armu a Bron, gefen Lyon, ina shirya wata takarda, ba wanda ya sa ni. Na ja layuka da rula. Filaye shida na jera, uku a Paris, uku a Lyon, kowanne na ba shi maki a kan ruwan sama, da iska, da ƙanƙara, da nisansa daga tasha, da wurin alwala. Layi na ƙarshe na rubuta masa "inuwa".

Na miƙe na karanta, idona a kan takarda. Na ce Lyon tana kudu, ta ɓangaren gida, rana ta fi leƙo ta. Na ce filin da ya fi kowanne maki shi ne na ciyawa da ke Les Minguettes, a gindin benaye uku.

Sai wani daga baya ya ce, "Ashe Malamar tana magana!"

Ɗan Maraɗi ya karɓi takardar ya juya ta, ya duba bayanta kamar zai sami kuskure a can. "Ƙanwata, kin tabbata?"

"Na tabbata."

"Dakor, na yarda. Rubuta da hannunki: final a Lyon, bisa shawarar sakatariya."

Na rubuta. Yaya ya dube ni daga ɗaya gefen teburin, ya ɗaga mini babban yatsa a ɓoye.

Na san filin nan tun watana na farko a ƙasar. Cikin Satumba ne, na yi kwana tara ban fita ɗaki ba sai zuwa aji, Yaya ya zo ya ce in ɗauki littafina in bi shi, ba sai na yi magana da kowa ba. Muka hau tram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, har saman tudu. Rana tana da ɗan zafi ranar. Benayen nan uku suna tsaye kudu da filin, dogaye, kowace taga da nata labulen, inuwarsu ta kwanto a kan bencin ƴan kallo. Na zauna cikinta. Wasu matan Chadi suna hira a bayana da Hausar kasuwa, wata tana ɓare gyaɗa, daga wata taga ƙamshin soyayyar albasa yana saukowa. Na buɗe littafi ban karanta layi ɗaya ba. Ji na yi kamar ina gindin itacen bedin ƙofar gidanmu, inda kakata take shimfiɗa tabarma bayan azahar tana jan ta kaɗan-kaɗan tana bin inuwa har la'asar. A gida idan aka ce wuri yana da inuwa an gama yabonsa. Shi ya sa da na zo layin ƙarshe na takardata, hannuna bai yi shakka ba.

Mai kula da filin wani dattijo ne daga arewacin Kamaru, kowa Baba yake ce masa. Shi ke riƙe da makullai, shi ke zuba farar ƙasa a layuka. Yana sa hula mai kunnuwa tun daga Oktoba. Hausarsa a hankali take fita, da ɗan ɗanɗanon Fulatanci, yakan tsaya tsakiyar magana kamar wanda ya ajiye kaya zai huta.

Ranar Alhamis kafin wasan na je wurinsa. Hasashen yanayi a wayata ya nuna rana ranar Asabar, zagayayya, rawaya, ba ko ɗigon gajimare a jikinta. Duk da haka ina son in ji daga bakin mutum. Muka gaisa, ya tambayi karatu, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi sanyi.

"Baba, za a yi ƙanƙara ranar Asabar?"

Ya ɗaga kai ya daɗe yana duban sama. "Daga sama dai," ya ce, "ba za ta zo ba."

Ya tsaya. Ni kuwa kunyar tsayar da babba cikin sanyi ta kama ni, na yi godiya da sauri, na yi sallama, na nufi tasha. A cikin tram na buɗe littafin ƙungiya na rubuta: Babu ƙanƙara. Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Nazarin harshe nake karanta, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Mutanen ƙasar nan suna da kalma ga wadda ke saukowa kamar auduga, da wata ga wadda ke rufe hanya kamar gilashi, da wata ga wadda ke kama ƙasa ta mayar da ita dutse. Mu kalma ɗaya muke da ita. Da ita muke kiran tsakuwar da ke faɗowa da damina, da ita muke kiran wadda ake sayarwa a leda lokacin azumi. Duk na san wannan, na ci jarrabawa a kan irinsa. Amma da na zo cika takardata sai na zuba kalmominsu duka cikin tamu guda, na ƙirga wadda ke faɗowa kawai.

Asabar ta waye da wata irin sama da ban taɓa gani a Lyon ba, shuɗiya tas, kamar sabon kwanon sha. Na sa mayafina mai kyau a kan rigar sanyi. A tram ina ta murmushi ni kaɗai, rana tana bugun tagar, har na cire safar hannu ɗaya na ɗora tafina a gilashin. Sanyinsa ya cije ni, ban kula ba.

Ƙarfe goma na isa. Filin fari ne.

Ba farin da nake gani a hotuna ba ne, mai tudu da laushi. Kowace ƙwayar ciyawa ce ta sa farar riga tata ita kaɗai, ta tsaya ƙyam. Ragar ma ta yi furfura, zare bayan zare. Na tuna fadamar kanwa da muka taɓa wucewa da babana a hanyar gabas, ina ƙarama, na tambaye shi ko gari ne aka zubar. Rabin filin na arewa rana ta taɓa shi, yana ƙyalli, wani siririn tururi yana tashi daga gare shi kamar ƙasa tana numfashi cikin barci. Rabin kudu kuwa yana kwance cikin inuwar benaye, shuɗi-shuɗi, shiru. Na tsaya a bakin wayar da ta kewaye filin ina kallo, kuma gaskiya abin da na fara ji shi ne daɗi. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Sai daga baya na ga an garƙame ƙofar filin da kwaɗo.

Baba ya fito daga ɗan ɗakinsa. Ya buɗe ƙaramar ƙofa ya shiga cikin inuwar, ya buga diddigen takalminsa a ƙasa. Ƙarar ta zo mini kamar an buga daɓen siminti.

"Wanda ya faɗi a nan," ya ce, "sai asibiti."

"Amma ga rana, Baba."

"Ga ta nan kuwa."

Ƴan wasanmu suka fara zuwa ɗaya-ɗaya. Yaya ya zo da safar hannunsa ta tsaron raga rataye a wuya, ya dubi filin, ya dube ni, ya ce rana za ta narkar da shi kafin azahar. Sha biyu saura motar ƴan Paris ta iso. Tun bayan sallar asuba suka taso. Suka sauko da kalangu, da tuta, da manyan kuloli biyu na dambu da matan ƙungiyarsu suka dafa. Mai kalangun ya yi kiɗa uku, ya hango farin filin, hannunsa ya tsaya a sama.

Daga nan sai jira. Mutum kusan hamsin muka jeru a jikin waya muna kallon inuwa. Na saba da inuwar gida, wadda ke tattare kanta ta shige gindin bango idan rana ta take. Ita wannan ranar ba ta hau tsakiyar sama ba. Ta bi ta gefe can ƙasa-ƙasa, tana leƙowa tsakanin benaye kamar baƙuwar da ke jin kunyar shiga gida. Inuwar ta juya daga hagu zuwa dama a hankali, amma ba ta bar ragar kudu ba ko na minti ɗaya. Rabin arewa ya narke ya koma kore. Layin da ya raba kore da fari ya miƙe sak, kamar na rular da na ja takardata da ita.

"Mu buga a rabi mana," in ji wani. "Kowa ya ci a raga ɗaya."

"Kai ka taɓa ganin final a rabin fili?"

"Ku kawo ruwan zafi daga benen nan, gida ɗari nawa ne?"

"Malama, a duba takarda, ƙarfe nawa inuwa take tashi daga aiki?"

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma na ji ta har tafin ƙafa. Wani ɗan Paris ya doka ƙwallo ta tsallake waya ta faɗa cikin farin. Ta yi tsalle da wata ƙara kamar an ƙwanƙwasa tulu, ta yi ta gangarawa ita kaɗai, tana barin siririn layi a bayanta, har ta shiga ragar da ba kowa. Mutane suka yi tafi. Yaya bai yi ba.

Aka shimfiɗa kwalaye aka yi azahar a wurin ajiye motoci. Aka buɗe dambu, tururinsa ya rufe fuskoki. Ni na zauna a bencina na da, cikin inuwa, sai da yatsuna suka daina jin bik sannan na lura ni kaɗai ce a wurin. Kowa ya koma ɗaya gefen, sun jingina da bango suna shan rana kamar ƙadangaru.

Uku da rabi direba ya ce lokaci ya yi. Ɗan Maraɗi ya zo inda nake. Na shirya wa faɗa, sai ya yi magana a hankali, abin da ya fi faɗan ciwo.

"Ƙanwata, Asabar ɗaya ta rage mana, ta sama. Ki ba mu fili kafin Alhamis. Nan ko can, mu za mu je, amma wanda za a buga. In babu, sai Maris."

Kowa ya san inda Yaya zai kasance a Maris. Da motar ta tafi ya zo ya ajiye mini dambu a kwano a kan gwiwata. "Ci," ya ce. Ya tafi ɗauko ƙwallon daga raga.

Lahadi na bi filaye masu ciyawar roba, waɗanda sanyi bai cika hana su ba. Duk an kama su tun watanni. Litinin na bar aji na hau jirgin ƙasa zuwa Paris don in ga nasu filin da idona. Can sama ta sauko har kan rufin gidaje, toka-toka, ruwa yana zuba siriri ba ya tsayawa. Na matsu a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har Saint-Denis, na yi tafiya a ƙafa. Filin bai daskare ba. Tafki ya zama. Gaban kowace raga ruwa ya kwanta, wasu fararen tsuntsaye suna tsaye a ciki, kowanne da hotonsa a ƙarƙashinsa. Na tsaya da lema ina kallonsu har na manta abin da ya kawo ni.

Na kira ɗan Maraɗi na tambaye shi ina yake ganin ya fi. Ya ce, "Ke ce mai takarda." Na shiga shagon wata Hajiya ƴar Tawa mai sayar da yaji da busasshiyar kuɓewa don in ɗumama hannu, na ba ta labari. Ta ce, "Ɗiyata, wa ya aike ku ƙwallo a wannan sanyi? Ku jira bazara kamar masu hankali." Na kira Yaya, ya ce kada in damu kaina, ƙwallo ce kawai, da muryar da na san ba haka take a ransa ba.

Washegari da safe a jirgin komawa, bayan mun bar gajimaren Paris, rana ta fito a kan gonaki. Na jingina da taga. Kowane shinge, kowane jerin itatuwa, yana da farin zane kwance a gefensa ɗaya, kamar an bi inuwarsa an shafa mata alli. Na ga abin ya yi kyau, har na rubuta shi a bayan littafin ƙungiya. Na rufe littafin ban fahimci abin da na rubuta ba.

Laraba bayan la'asar na koma Les Minguettes. Na riga na rubuta takardar ajiye aikin sakatariya, tana cikin jakata, amma na ga ya kamata in fara ba Baba haƙuri, tunda shi ya sha surutun mutum hamsin. Na same shi a ƙofar ɗakinsa, ya juya kujerarsa tana fuskantar ɗan abin da ya rage na rana. Muka gaisa. Ya zuba mini shayi a murfin fulas.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba ranar Alhamis?"

"Na fara," ya ce. Ya tsaya. Wannan karon na riƙe bakina. "Kika yi godiya."

Na sunkuyar da kai.

"Daren da sama ta buɗe, babu bargo a kan ƙasa. Sai ƙanƙarar ta fito daga ƙasa. Wannan ita ce sauran maganar." Ya nuna jakata da haɓa. "An ce kina da takarda. Karanta mini."

Na fito da ita, duk ta yamutse. Na karanta masa ruwan sama, ya gyaɗa kai. Iska, ya gyaɗa kai. Wurin alwala, ya ce madalla. Da na ce "inuwa" sai ya ce in sake. Na sake. Ya fara dariya, a hankali kamar maganarsa, har ta koma tari, har ya cire hular mai kunnuwa ya share ido da ita.

"Ni ma," ya ce, "shekarar da na zo, an nuna mini ɗaki biyu. Na zaɓi wanda rana ba ta shiga. Na ce na yi wa bature wayo. Wata biyar wandona bai bushe ba."

Na yi dariya ni ma, karon farko tun Asabar, sai hawaye suka biyo ta. Ya bar ni har na gama.

"Baba, gobe Alhamis. Yayana zai tafi gida bai buga ba, kuma ni na jawo. Na tambayi kowa. Paris ko Lyon?"

Ya miƙo hannu na ba shi takardar. Ya nisanta ta da idonsa, yatsansa ya bi layukan yana sauka, ya wuce filaye biyar, ya tsaya a na ƙarshe, wanda na soke da jan bik. Wani filin jar ƙasa ne a bayan tashar tram, a kan tudu, ba ciyawa, ba benci, ba wanda ke neman sa. A gabansa na rubuta: ko tsuntsu ba zai sami inuwa a nan ba.

"Paris da Lyon duk sanyi ɗaya ya haife su, ɗiyata," ya ce. "Wannan da kika kashe, shi ne. Rana tana kansa tun fitowarta, babu abin da zai tare ta. Makullinsa yana hannun abokina. Ki ce su zo ƙarfe biyu, kuma kowa ya tsaya a rana."